Koken Manoman Zoɓo Kan Cutar Ganye, Zuwa Ga Mai Girma Hakimi

Ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwar ban girma, mu talakawanka manoman zoɓo na ƙauyukan yankin Maigatari, a Masarautar Gumel, mun kawo kukanmu kan cutar da ta faɗa wa gonakinmu a daminar bana.

Tun da ruwa ya zauna a watan Agusta muka fara ganin ta. Ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa ke fitowa a ganyen da ke kusa da gindi, su yi ta faɗi har su haɗe, ganyen ya bushe kamar an babbaka shi, ya zube, sannan cutar ta hau sama. Matanmu sun daina tsinkar yakuwar miya a irin waɗannan gonaki. Shukar da ta rasa ganye kafin fure kuwa, zoɓonta ƙanana ne, ba auki a buhu. Masana sun ce dangin fumfuna ce: danshi ke raya ta, fantsamar ruwan sama ke kai ta daga shuka zuwa shuka, tana kuma kwana a busasshen ganye da karan da aka bari a gona har wata damina.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne feshi. Da yawanmu sun sayi maganin ƙwari a kasuwa suna ta fesawa, alhali ba ƙwaro ba ne. Kuɗi sun tafi, ganye bai daina zuba ba. Ga shi zoɓon nan da ake lodi a kasuwar Alhamis ta Maigatari har Meziko yake zuwa, kuma a can ana gwada ragowar magani a jikin kaya. Idan aka ƙi kayanmu, asarar ta kowa ce, har wanda bai yi feshin ba.

Don haka muna roƙon ka isar da kukanmu ga JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Jigawa, a turo malaman gona su shiga gonakin da ƙafarsu, su ɗebi ganye a kai bincike cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ko Jami'ar Bayero, a faɗa mana sunan cutar da maganin da ya dace. Muna kuma roƙon ka umarci masu unguwanni su yi shela cewa bayan kaka kowa ya tattara karan zoɓonsa ya ƙone, kuma kada a ajiye iri daga gonar da ta kamu. Maganarka talakawa za su fi ji.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naka,
Manoman zoɓo na yankin Maigatari, Jihar Jigawa.