Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan littattafan jaruman zane

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Kaduna? Mutanen gida duk kalau. Mahaifiyarka ta faɗa mini abin da ya faru a ofishinku: wani ya ga littafin Spider-Man a kan teburinka, ka ce masa ai Spidey ne, aka kwashe da dariya, har wani ya ce ga gemu ya fito amma karatun na 'yan firamare. Ta ce tun ranar ka tattara littattafan ka zuba a buhu ka tura ƙarƙashin gado. Maganar buhun nan ta fi dariyar tsaya mini a rai, zan zo kanta. Bari in fara da sunan da ka kira.

Kuskuren da ka yi ƙarami ne: ka kira jarumi da sunan cikin gida a gaban baƙi. Laƙabin jaruman nan ba iri ɗaya ba ne, kowane da wurinsa. Akwai kirari, wanda kamfani da kansa ke bugawa a bango. Superman, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938, kirarinsa Man of Steel, wato mutumin ƙarfe. Batman na 1939 shi ne Dark Knight, barden duhu. Daredevil kuwa Man Without Fear, wanda bai san tsoro ba. Irin waɗannan ko jarida ta ɗauka, ka faɗe su a ko'ina ba wanda zai ɗaga kai. Sai sunan da masoya ke gutsurewa don sabo: Spidey, Supes, Bats, da Cap na Captain America. Wannan kamar ka kira Abdullahi da Audu ne, sai wanda kuka saba. Mutumin da bai taɓa buɗe littafin ba in ya ji babba da kai yana cewa Spidey, abin da kunnensa ke ji shi ne yaro yana kiran 'yar tsanarsa.

Na ukun ya fi daɗi, shi ne na tsokana, irin wasan taubasai. Yawancinsa ya bunƙasa a kamfanin Marvel a shekarun 1960, lokacin da marubuci Stan Lee ke sa jarumansa suna zolayar juna a tsakiyar faɗa. Iron Man ya zama Shellhead, mai kan ƙoƙo, saboda hular ƙarfensa. Daredevil Hornhead ne don 'yan ƙahonnin da ke goshinsa, Captain America Winghead don fikafikan da ke gefen hularsa, Spider-Man kuma Webhead, mai kan yana. Thor, duk da gudumarsa da tsawarsa, ana ce masa Goldilocks, sunan wata yarinya mai gashin zinariya a tatsuniyar Turawa. Mafi ban dariya shi ne Big Red Cheese, ƙaton jan cuku. Zagi ne da mugu Doctor Sivana ke yi wa Captain Marvel na kamfanin Fawcett, masoya suka ɗauke zagin suka mai da shi sunan so. Haka Big Blue Boy Scout da ake ce wa Superman: wani in ya faɗa yana nufin salihi ne har ya yi yawa, wani kuma yabo yake yi. Sai ka saurari muryar mai magana kafin ka amsa.

Kar ka ɗauka wannan ɗabi'a baƙuwa ce a wurinmu. 'Yan kallon fim ɗin Indiya a Kano su ne suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, kuma da yawa daga masu kiran sunayen nan magidanta ne masu 'ya'ya. Ba a ce musu yara ba, don kowa ya san wa ake nufi. Naka laƙabin, mutum ɗaya ne ya san shi a ɗakin.

Ko a cikin masoyan ma akwai inda ake zamewa. Captain Marvel mai jan kaya ya fito a 1940. Kamfanin DC, mai Superman, ya kai Fawcett kotu yana cewa an kwaikwayi Superman, Fawcett ya daina buga shi a 1953. Kafin DC ya farfaɗo da shi a farkon shekarun 1970, Marvel ya riga ya yi rajistar sunan da nasa jarumin a 1967, dole aka riƙa rubuta Shazam a bango, alhali Shazam kalma ce da wani yaro a labarin ke furtawa ya rikiɗa ya zama jarumin. Sai wajen 2012 aka mai da ita sunan jarumin gaba ɗaya. Saboda haka in ka ce Captain Marvel, faɗi na wane kamfani. Kuma a rubuta Spider-Man akwai ɗan layi a tsakiya, wanda Superman da Batman ba su da shi. Masoya na gane baƙo da wannan.

To, daga ina aka samo cewa karatun na yara ne? Abin yana da tarihi, kuma a Amurka aka yi shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka, manya da su, suna cikin manyan masu karanta littattafan nan. Bayan yaƙi aka yi ta buga na aikata laifi da na ban tsoro da na soyayya, waɗanda ba don ƙananan yara aka yi su ba. Iyaye da malamai suka tayar da hankali, har aka riƙa tara littattafan ana cinna musu wuta a wasu garuruwa a 1948. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi mai suna Seduction of the Innocent, yana ɗora musu laifin lalacewar tarbiyyar matasa. A shekarar wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kan batun. Kamfanoni suka tsorata, suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority, mai buga ɗan hatimi kamar kan sarki a kusurwar bango. Dokokinta sun ce dole alheri ya yi nasara, ba a nuna ɗan sanda ko alƙali a wulaƙance, ba a sa kalmomin ban tsoro a sunan littafi. Littafin da ba shi da hatimi, yawancin dillalai ba sa ɗauka. Abin da ya rage a kasuwa sai abin da ya dace da ɗan shekara goma. Shirin Batman na talabijin da aka fara a 1966, mai cike da wasa da dariya, ya ƙara kafe wannan hoton a zukatan mutane.

Daga baya abin ya warware. A 1971 Marvel ya buga labarin Spider-Man a kan illar ƙwaya, fitowa uku, ba tare da hatimin ba, kuma ya sayu. A 1986 aka samu Watchmen da The Dark Knight Returns, waɗanda manya aka yi wa su. Maus na Art Spiegelman, labarin mahaifinsa a sansanin 'yan Nazi, ya samu kyautar Pulitzer a 1992. Marvel ya bar hukumar a 2001, DC ya bi a 2011. A 2012 wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta bi takardun Wertham ta nuna ya murɗe bayanan yaran da ya yi hira da su. A Faransa da Beljiyam, inda ake ce wa zanen nan fasaha ta tara, da Japan inda ma'aikaci ke karanta manga, wato nasu littattafan zanen, a jirgin ƙasa, raini bai yi ƙarfi haka ba. A Legas ma ana taron masoyansa tun 2012.

Ban faɗa maka wannan don ka je ka yi wa abokan aikinka lacca ba. Wanda ya tambaye ka da gaske, ba shi amsa a jimla biyu: wane ne marubuci, labarin a kan me yake. Wanda tsokana yake, yi dariya tare da shi. Amma a ganina teburin ofis ba wurin littafin ba ne, kamar yadda ba wurin jaridar ƙwallo ba ne a lokacin aiki. Abin da ke sa a raina mai karatun nan yawanci ba littafin ba ne, halin wasu masu karantawa ne: musu a kan wa zai doke wa har jijiyar wuya ta tashi, da raina wanda ya san jarumi daga fim kawai.

Yanzu buhu. Fitar da su yau. Yawancin tsofaffin an buga su a takardar jarida, wadda ke da asid a jikinta, shi ya sa take yin ja ta dinga karyewa. Da damina laima na sa ƙusoshin tsakiya biyu su yi tsatsa, tsatsar ta ci takarda ta bar tabo. Da hunturu takardar na bushewa ta yi ƙaras. Ƙarƙashin gado kuwa gidan gara da kyankyaso ne. Kowane littafi ka sa shi a ledarsa, da farin kwali marar asid a bayansa. Girman na zamani kusan santimita 17 a 26 ne, tsofaffin sun ɗan fi faɗi, kar ka matsa su a ledar da ta yi musu kaɗan. Ka jera su a tsaye cikin akwatin kwali, ba kwance ɗaya kan ɗaya ba, don nauyi na lanƙwasa ƙashin bayansu. Akwatin ya hau kanta, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa da taga, domin rana na cinye launi, ja ne ke fara tafiya. Jefa ƙunshi biyu ko uku na 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka canja su in damina ta wuce. In za ka zaro littafi, cire salatif ɗin bakin leda gaba ɗaya tukuna. Bango da yawa a nan suke yagewa.

Kar wani ya ruɗe ka da cewa jari ne. Gaskiya ne an sayar da fitowar farko ta Superman, wadda kuɗinta santi 10 ne a 1938, a kan dala miliyan 6 a 2024, amma don kaɗan suka rage a duniya. A 1991 an sayar da fiye da kwafi miliyan 8 na sabon X-Men lamba 1, mutane na saye suna ɓoyewa don su yi arziki. Yau ko'ina akwai shi, kasuwar ta rushe, Marvel da kansa ya shiga kotun fatarar kuɗi a 1996. Yanke wa kanka abin da za ka kashe a wata, bayan haya da cefane. Kundin da ya haɗa fitowa biyar ko shida ya fi araha, ya fi jure hannu.

Abu na ƙarshe, ƙannenka. Duba bango kafin ka miƙa wa auta. Alamar T ta 'yan shekara goma sha ce, T+ ta waɗanda suka ɗan fi haka, duk wanda ka ga MAX ko Vertigo ko Black Label a jikinsa na manya ne, akwai zubar da jini da abin da ba na so ya gani. Waɗannan ka ware musu akwati dabam. In za ka zo hutun salla, taho masa da biyu ko uku da ka karanta da kanka daga farko har ƙarshe. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka