Daga Yelwa, bayan Kirsimeti

Yelwa, Bauchi
28 ga Disamba

Ƙawata ta kaina,

Barka da Kirsimeti. Na san kin cika kin batse. Saƙonki uku na gani ban amsa ba, har da wanda kika ce in mutuwa na yi a sanar da ke ki zo gaisuwa. Ban mutu ba. Labarin ne ba na waya ba, ke kuma ba kya barin mutum ya kai aya. Batun ankon Zumuntar Mata da kika tambaya, zan zo kansa.

Shekaranjiya mutuminki ya tashe ni tun ƙarfe 5, hazo ya rufe gari, sanyi kamar a Jos. Wai ya tsara mana yini. A bayan ambulan ɗin baikon coci ya rubuta, wuri huɗu, kowanne da lokacinsa har da mintoci. Auren malamin lissafi ke nan, ke kika zuga ni.

Muka fara da gidan Hajiya a Wunti, don ranar Kirsimeti sujada ba ta tashi ba sai wajen ƙarfe 2, shinkafarta ba ta samu zuwa ba. Kajin ma ɗanta ne ya yanka mana kamar kullum, saboda kowa ya ci hankali kwance. Tun daga zaure ta fara faɗa, wai ita da Babbar Sallah namanmu bai taɓa kwana a gidanta ba. Ta cika mana kwano da masa mai zafi da ƙuli. Da za mu fito sai ta riƙe hannuna, ta ƙare mini kallo, ta ce, "'Yata, kin yi haske." Sannan ta raɗa mini a kunne, "Allah ya raba lafiya."

To, kin ji. Na so in ja miki rai har ƙarshen takarda, na kasa. Wata uku ke nan. Kada ki yi ihu a wurin aiki.

Shi kuwa a lokacin bai san komai ba, yana waje yana duba agogo. Ni na ɓoye, don na ƙudura sai a Wikki zan faɗa masa, wurin da ya fara yi mini magana ranar da matasan coci suka kai mu, ranar da kika faɗa ruwa da sabon takalminki.

Muka ɗauki hanyar Gombe. A Dindima ƙamshin soyayyen kifi ya bugo ni, na toshe hanci da gyale na ce ƙura ce. Daga nan muka karkata zuwa Yankari. Kin manta nisan? Ni na manta. Bayan an shiga ƙofa a Mainamaji akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin a kai masauki, ga cikina yana juyawa, ga shi yana ta ba ni labarin giwayen da zai nuna mini. Ko kashin giwa ba mu gani ba. Da rana tsaka muka isa, su kuwa namun sai da sassafe ko da yamma suke saukowa kogin Gaji shan ruwa. Lissafinsa bai kai nan ba. Gadu dai mun gani, suna yawo tsakanin ɗakuna da wutsiya a sama kamar su ma kuɗin shiga suka biya.

Wikki tana nan yadda kika bar ta, ruwa garau har kina ganin farin yashi a ƙasa, da ɗuminsa na digiri 31, sanyin hunturu bai dame shi ba. Sai dai jama'a! Kamar duk Bauchi da Gombe da Jos nan aka yi alkawari. Na samu gindin bishiya na shimfiɗa zane, na fito da kaza da cincin, na gyara murya. Na ce, "Oga, akwai maganar da nake so mu yi." Ban rufe baki ba sai ga gwaggon biri, ƙato, ya sure ledar kazar gaba ɗaya. Mutuminki ya cire takalmi ya bi shi, da tumbinsa da gajeren wando, yara suna tafi. Birin ya hau reshe ya zauna yana cin cinya yana kallonsa. Na yi dariya har hawaye. Da ya dawo yana haki ya ce wace magana ce, na ce ta wuce.

A dawowa yunwa ta sa ya tsaya a Dindima sayen kifin nan. Yana miƙo mini ta taga na buɗe ƙofa, duk masar Hajiya ta dawo. Ya rikice, wai man masar ne. Na goge baki na ce, "Ba masa ba ce. Wata uku ne." Ya ce, "Wata uku na me?" Malamin lissafi fa! Mai kifin ce ta fara yin guɗa kafin ya gane. Ya tsaya da kifi a hannu, bakin titi, yana kuka kamar yaro. Canjinsa ma bai karɓa ba, kin san kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan har Bauchi tafiyar hawainiya ya yi, tirela tana wuce mu, Keke ma da ya biyo mu zai wuce.

Ƙawata, ina murna, amma tsoro nake ji. Wancan a wata na huɗu ya tafi, ke kika kwana da ni a asibiti, ba sai na tuna miki ba. Shekara shida ana kallon cikina a coci kafin a kalli fuskata. Da dare in na ji ɗan ciwo sai in tashi zaune har asuba. An ce in rage aiki, in daina ɗaukar jarkar ruwa. Ki sa ni a addu'a da sunana, ba a dunƙule ba.

Gidan Mama muka ƙare, mun makara da awa uku. Ta zuba mana tuwo da miyar kuka, shi ne abin da ya zauna mini duk ranar. Ta fara zancenta na kullum, wai wance ta haifi na huɗu. Na ga bakin ɗanta yana motsi, na take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sai Fabrairu ta wuce za ta ji. Wuri na huɗu, bikin waƙoƙin matasa, ko ƙofar ba mu leƙa ba.

Af, mai koyar da mawaƙanmu ya kai kuɗin gaisuwa Bogoro. Ba wadda kike zato ba, ƙanwarta! Ranar Kirsimeti yayar ta rera waƙa a gabansa ko kallonsa ba ta yi ba, muryarta ma ta fi ta kullum daɗi.

Ke kaɗai kika sani, sai Hajiya da mai kifi. In yayarki ta ji, duk Yelwa ta ji, kuma na san inda zan nemo ki. Yaushe za ki bar Fatakwal ɗin nan ki zo? Yaji da kilishinki suna nan, sai dai kilishin na fara taɓawa, ba laifina ba ne.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Yelwa