Gubar da ke kwance cikin tsofaffin bututan mai a ƙarƙashin teku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi kan wata ɓarna da ba a cika maganarta ba. Duk lokacin da aka ambaci illar haƙar man fetur, malalar ɗanyen mai ce ke zuwa ran jama'a, irin wadda ta auku a filin mai na Bonga da ke cikin tekun kudancin Najeriya a watan Disamba na 2011, domin ido yana ganinta. Wadda nake nufi ba ta da launi, ba ta da wari.

Rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba. Tare da shi akwai ruwan gishiri da ya daɗe a cikin duwatsu, kuma wannan ruwa yana ɗauke da sinadarin radiyom mai fitar da tururin nukiliya. Idan ruwan ya hau sama ya huce, ko ya gauraya da ruwan tekun da ake tura wa rijiyar, sai ma'adinan cikinsa su daskare su manne a jikin bututu kamar ƙanzo a gindin tukunya, radiyom ɗin kuma ya maƙale a ciki. Nau'insa da ake kira radiyom 226 sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, yayin lalacewarsa kuma yana haifar da dalma 210 da poloniyom 210, waɗanda su ma masu fitar da tururin ne. Babu ƙarfen da zai jure ruwan gishiri tsawon wannan lokaci. Bututun da aka bari a ƙasan teku zai yi tsatsa ya rube, abin da ke cikinsa ya zube cikin laka.

A cikin lakar nan kuwa akwai rayuka masu yawa: tsutsotsin ruwa, ƙaguwa, jatan lande da dangin dodon koɗi. Kifi yana iya barin wuri idan ya ɓaci, amma waɗannan a nan suke zama, a nan suke kiwo, wasu ma lakar suke haɗiyewa su tace abincinsu. Tururin da poloniyom ke fitarwa ba ya iya huda ko da ɓawon ƙaguwa daga waje, amma da zarar poloniyom ɗin ya shiga ciki ta hanyar abinci, yakan taru a kayan cikin dabbar yana lalata ƙwayoyin halittarta a hankali. Ƙwai da ƙananan 'ya'ya sun fi saurin illatuwa, saboda haka ɓarnar takan bayyana ne a raguwar hayayyafa, ba a tarin gawarwaki a bakin gaɓa da zai ja hankalin 'yan jarida ba. Kuma waɗannan ƙananan halittu su ne abincin kifin da masunta ke kamawa.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Jigawa da ƙasan teku. To, busasshen jatan landen da matanmu ke dakawa su zuba a kunun yara daga kudu ake kawo shi, kuma har a kasuwannin ƙauye ana auna shi. Ban ce a daina ci ba, abinci ne mai gina jiki, cewa nake yi a kiyaye inda yake fitowa. Sannan ga 'yan gwangwan, yaranmu da suka bazu ko'ina suna sayen tsohon ƙarfe, suna yanka shi ba safar hannu ba takunkumi, suna shaƙar ƙurarsa. Gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta isa ta nuna mana aikin gubar da ba a gani.

Wasu ƙasashe sun riga mu fuskantar wannan. A 1995 kamfanin Shell ya yi niyyar nutsar da tsohuwar ma'ajiyar mai ta Brent Spar a cikin teku, jama'a suka yi ca har ya fasa, a 1998 kuma ƙasashen Turai na yankin arewa maso gabashin Tekun Atlantika suka haramta zubar da irin waɗannan gine-gine a teku. Mu ma muna da doka: Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni ware kuɗin rufe rijiyoyi da kwashe kayan aiki, akwai kuma hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya da NUPRC mai kula da haƙar mai.

Roƙona ga hukumomin nan biyu shi ne kada su amince a bar ko da bututu ɗaya a ƙasan teku sai an auna abin da ke cikinsa da lakar da ke kewaye da shi, a bayyana wa jama'a sakamakon, kuma kada a sayar da tsohon bututun mai a matsayin gwangwan sai an wanke shi an tabbatar da lafiyarsa. Ina kuma kira ga wakilanmu na Jigawa da Kano a Majalisar Tarayya su nemi a kawo musu waɗannan alkaluma a rubuce.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Mai karatunku,
wani malamin kimiyya daga ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa