Ba tsoron Ayuba ne ya jawo masa masifa ba

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ina da magana a kan shirinku na ranar Lahadi, wanda malamin da kuka gayyato ya ce a cikinsa duk jarrabawar da ke Littafi Mai Tsarki a zuciyar mutum take faruwa. A wajensa Ishaku, ɗan da Allah ya ce wa Ibrahim ya miƙa hadaya, shi ne abin da ranka ya maƙale wa, dutsen Moriya kuma wurin da za ka sake shi. Wannan ban ƙi ba. Kwana uku Ibrahim yana tafiya, Littafin Farawa sura ta 22 kuwa bai buɗe mana abin da ke ransa ba, don haka mai wa'azi yana da fili a nan. Maƙwabtanmu Musulmi sun ce Isma'ila ne, amma ba nan gardamata take ba.

A kan Ayuba muka raba hanya. Malam ya ɗauko inda Ayuba ya ce abin da yake tsoro ya auko masa, ya ce to ga shi, fargabar cikinsa ce ta rushe shingen da Allah ya kewaye shi da shi, wai wanda zuciyarsa ke kwance babu abin da zai taɓa shi. Haba malam! Ai zancen abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, ne aka sauya wa riga. Su sun ce zunubi, shi ya ce tsoro, duka dai laifin yana kan wanda abin ya faɗa wa. A sura ta 42 ta Littafin Ayuba su ne Allah ya yi wa fushi, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Tun sura ta 1 an shaida mana amincinsa. Sabiyawa suka kora shanunsa da jakunansa, Kaldiyawa suka zo ƙungiya uku suka kwashe raƙuma 3,000, suka kashe bayinsa. Ɓarayin dabbobi ne masu takobi, irin waɗanda makiyayanmu suka sani sarai.

Mu nan Damagaram wannan karatu yana da ciwo. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u a garin nan saboda zanen jaridar Faransa Charlie Hebdo, wanda babu hannunmu a ciki. Mutane suka fake a barikin soja. Wa zai dubi waɗannan mata da yara ya ce ƙarancin natsuwarsu ne ya kira wutar?

Natsuwar zuciya gaskiya ce, ita ta riƙe mutane ba su rama ba. Amma Nehemiya da yake gina garun Urushalima addu'a ya yi, ya kuma sa masu gadi dare da rana.

Ina roƙonka ka sake kiran malam, a karanta masa Ayuba 42 aya ta 7 a cikin shirin, mu ji yadda zai yi da ita.

Naku,
Wani mai sauraro daga Sabon Gari, Damagaram