Rahoton Sakatare na Shekara: Ɓerayen Gwaji da Shirin Binciken Dashe

Ranka ya daɗe Shugaba, malamaina, da sauran 'yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

A babban taronmu na bara an ɗora wa kwamitin zartarwa nauyi guda: ya gano ko ɗakunan gwaje-gwajenmu sun kai su fara binciken dashen sassan jiki a jikin ɓeraye. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma yawancin aikinmu da ɓera bai wuce a sa masa ciwon suga da sinadarin alloxan, a ɗura masa ruwan ganye, a auna jininsa ba. Abin da muka gano a taƙaice shi ne, hannun yin aikin ya fara faɗawa, ɓeran da za a yi aikin da shi ne babu.

Mun zagaya gidajen dabbobin da mambobinmu ke kula da su, kuma kusan ko'ina aka tambayi irin ɓeran sai a ce Wistar. Asalin wannan iri cibiyar Wistar ce ta Filadelfiya a Amurka, wadda ta fara kiwonsa a 1906, kuma ko a can ba iri ne mai gado ɗaya ba. Namu kuwa ko takardar asali babu. Duk farin ɓera mai jan ido ya zama Wistar. A gwajin guba ana iya lallaɓawa da shi, amma ban da dashe, domin saurin da garkuwar jiki ke ƙin baƙon sashe ya dogara ne da nisan gadon mai bayarwa da mai karɓa. Shi ya sa ake amfani da irin da aka yi ta haɗa wa da ƙanwa har zuriya 20 ko fiye, kamar Lewis, Brown Norway da Fischer 344. Idan aka dasa ƙodar Fischer a jikin Lewis, a hankali take lalacewa, kamar yadda ake gani a marasa lafiya bayan shekaru. Ta Brown Norway kuwa cikin 'yan kwanaki jikin Lewis ke kashe ta. Da ƙananan ɓeraye (mice) masu gado ɗaya da aka samar ta wannan hanya masanin gado George Snell ya gano ƙwayoyin gadon da ke hukunta karɓa ko ƙi, har ya sami lambar Nobel a 1980. Mu da namu ɓerayen, ko dashen ya zauna, ba mu da bakin cewa maganinmu ne ya yi aiki. Wataƙila mai bayarwar ɗan baffan mai karɓar ne.

Horon ɗinkin jijiyoyi shi ya fi cin lokacinmu, kuma shi na fi alfahari da shi. Mun ɗauki hanyar da Ono da Lindsey suka bayyana a 1969: a bar wa ɓera zuciyarsa, a dasa masa ta biyu a ciki, a ɗinka manyan jijiyoyinta biyu a kan manyan jijiyoyin ciki. Daɗin hanyar shi ne ba ta buƙatar na'ura mai tsada wajen bibiya. Kullum safiya sai a taɓa cikin da yatsa a ji bugun, ranar da ya tsaya an san jiki ya ƙi ta. Wahalar kuma, jijiyar ba ta kai kaurin tsinken ashana ba, zaren ya fi gashin kai siranta, komai a ƙarƙashin madubin tiyata ake yi. Mun fara da safar hannu ta roba, muka koma jijiyar fiffiken kaza daga kasuwa, sannan gawar ɓerayen da aka gama wani binciken da su. Na ga manyan likitocin tiyata hannunsu na rawa a ranar farko, yayin da wata ƙanwarmu ma'aikaciyar gidan dabbobi ta riga kowa ɗinka jijiya ba tare da ta yoyo ba. Har yau ba mu yanka ɓera mai rai ko ɗaya ba. Wannan da gangan ne, bisa ƙa'idoji uku na Russell da Burch na 1959: a maye gurbin dabba inda zai yiwu, a rage yawanta, a sassauta mata wahala.

Zafi ya yi mana ɓarna. Ɓeran gwaji yana son ɗaki mai ma'aunin zafi 20 zuwa 26, da awa 12 na haske, 12 na duhu, mu kuwa a watan Afrilu ma'auni kan haura 40. A ɗaya daga cikin gidajen dabbobin wuta ta ɗauke da rana tsaka, janareta ya ƙi tashi, aka yi asarar ɓerayen ɗaliban da suka kusa kammala aikinsu. Abinci ma har yanzu na kaji ake ba su, kowane buhu da irin haɗinsa.

Mun yi zama ɗaya kan ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton binciken da aka yi da dabbobi, da aka sabunta a 2020, waɗanda mujallu da yawa ke dubawa kafin su karɓi maƙala. Batun maganin kashe zafi bayan tiyata bai warware ba, domin buprenorphine sai da izini na musamman ake samunsa. Bayanin kuɗi Ma'aji zai kawo.

Abin da ya rage ga wannan taro shi ne zaɓi tsakanin abu biyu: a shigo da Lewis da Brown Norway don dashen zuciya, ko a fara da dashen fata tsakanin ƙananan ɓeraye BALB/c da C57BL/6, wanda ba ya buƙatar ɗinkin jijiya, kuma sakamakonsa kan fito kafin mako biyu. Ni dai na biyun nake goyon baya, da sharaɗin a fara sa sola a ɗakin da za a ajiye su. Za a kaɗa ƙuri'a bayan sallar Azahar.

Sakatare