Sauya girman harsashin fistol ya wuce canza bututu

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka in gyara wata magana da ke yawo a bakin masu sha'awar harkar bindiga, wai fistol mai ɗura kanta za ta harba kowane harsashi muddin an canza mata bututu. Kuskure ne, kuma irin kuskuren da ke cin yatsu da idanu. Maganata da masu lasisi ce da maƙeran da hukuma ta amince da su, domin a ƙasashe da dama wannan aiki laifi ne in ba da izini ba. A Jamus, alal misali, sai an rubuta kayan sauyin a katin mallakar bindiga, a Amurka kuwa dokar tarayya gangar jikin da ke ɗauke da lamba take kira bindiga, bututun kayan gyara ne kawai.

Abin da ke yanke hukunci shi ne fuskar ƙarfen saman nan mai zamiya, wurin da gindin kwanson harsashi ke jingina lokacin harbi. Gindin kwanson 9mm faɗinsa kusan milimita 9.96 ne, na .40 S&W kuwa kusan 10.77. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma shi ne komai. Fistol da aka ƙera don .40 za ta iya karɓar ƙaramin kwanso, wadda aka ƙera don 9mm kuwa fuskarta ta yi wa .40 ƙunci, harsashin ba zai zauna ba. Shi ya sa ake sauka daga babba zuwa ƙarami, ba a hawa.

Ɗauki fistol ƙirar Glock 22 mai cin .40 da ake so ta koma 9mm. Bututun Glock 17 mai cin 9mm bai dace ba, ko da ya shiga, saboda ramin gaban ƙarfen saman an huda shi ne don bututu mai kauri, siririn zai riƙa wasa a ciki. Akwai bututun da aka ƙera musamman don sauyi, wajensa kaurin .40, cikinsa 9mm. Sai magazin: leɓunan na .40 sun buɗe da yawa, suna sakin ƙaramin harsashi kafin lokaci, don haka dole a sa na 9mm. Bayan wannan ma aiki bai ƙare ba. Ƙugiyar da ke zaro kwanso an saita ta ne don gindi mai faɗi, riƙon da take yi wa ƙarami sako-sako ne. Daga nan ne ake samun kwanson da ya maƙale a tsaye a bakin tagar da kwanso ke fita, ko wanda ya dawo ya bugi mai harbi a goshi. Harsashi mai rauni kuma wani lokaci ba ya iya tura ƙarfen saman har ƙarshen tafiyarsa. A ganina irin wannan bindiga ta filin atisaye ce, bai kamata wani ya ɗora ransa a kanta ba.

Sauyi mafi tsabta shi ne tsakanin .40 da .357 SIG, wanda ya fito a 1994, shekara huɗu bayan .40. Gindinsu ɗaya ne, wuyan kwanson kawai aka matse, saboda haka galibi bututu ne kaɗai ke canzawa. Sai dai iyakar matsin iskar da .357 SIG ke yi lokacin harbi, a ma'aunin psi, 40,000 ne, na .40 kuwa 35,000, don haka a tabbata kamfanin ya amince da wannan sauyi a kan wannan samfurin.

Komawa .22 LR don atisaye mai sauƙin kuɗi wani babi ne daban, kuma tsohon abu ne, tun 1931 kamfanin Colt ya fitar da samfurin Ace don wannan buƙata. Nan gaba ɗaya saman ake cirewa: bututu, ƙarfe mai zamiya, sifirin da magazin. Ƙarfin .22 bai isa ya motsa ƙarfe mai nauyi ba, shi ya sa sau da yawa ake yin sabon saman da alminiyam, kuma allurar da ke tayar da harsashi tana bugun gefen gindin kwanso ne maimakon tsakiya. Sabon saman yana tara datti da wuri, yana kuma zaɓen harsashi.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutun da ke jikin bindiga. Bayan sauyi, saman yana nan yana cewa .40 alhali bututun 9mm ne, ko a mayar da tsohon bututu a manta da magazin cike da 9mm. Ƙaramin harsashi a babban ɗaki, wato wurin da harsashi ke zama a gindin bututu, na iya tashi, kwanson ya kumbura ya tsage, iska mai zafi ta fito ta baya. Mafi muni, yana iya zamewa cikin bututu ba tare da ya tashi ba, a ɗura .40 a bayansa a ja kunama. Haka bututu ke fashewa a hannun mutum.

Don haka kafin harbin farko a cire magazin, a duba ɗaki da ido da yatsa. A karanta girman da aka zana a jikin bututun kansa. A cire bututun a jefa harsashi ɗaya cikin ɗakinsa: ya faɗa da kansa ya zauna daidai, in an kifa ya faɗo. A gwada ɗurawa da zarowa da harsashin bogi marar albarushi. A filin harbi a fara da guda ɗaya tak a magazin, da tabarau a ido, a ɗauki kwanson a duba ko ya kumbura ko ya tsage. Magazin na kowane girma a shafa masa fenti kala daban, kuma kada akwatin harsashi iri biyu ya hau tebur ɗaya.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum