Godiya ga ma'aikatan asibitin dabbobi na Maradi, tare da tunawa da dabbobin da muka rasa a Sallah

Zuwa ga shugaban asibitin dabbobi, ranka ya daɗe, da likitocinka, da masu allura, har da mai gadin ƙofa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna fatan an yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana.

Mu masu kiwon dawaki, raguna, tantabaru da sauran dabbobin gida ne daga Bagalam, Mokoyo, Ɗan Gulbi da Zariya, muka haɗu muka rubuto wannan takarda, kuma muka ga ya dace a sa ta inda kowa zai karanta, tun da yaba kyauta tukuici. A kwanakin Sallah, lokacin da kowa ke gidansa, ƙofarku a buɗe take, wayar mai jiran aiki kuma tana shiga. Dabbobi da dama sun tashi ta dalilinku. Wasu kuwa kwanansu ya ƙare, kuma a kansu muka fi son mu yi magana, domin ba ku sallami mai dabba da "sai haƙuri" kawai ba. Kun tambayi abin da ta ci, kun duba gawar, kun faɗi abin da ya kashe ta ko da maganar ba ta yi wa mai ita daɗi ba.

Wanda ba ya kiwo zai ce ai dabba ce kawai. Amma dokin da ya shekara goma sha biyar a turke ɗaya, yana haniniya da ya ji takun mai shi a zaure, ranar da aka wayi gari turken babu kowa gidan duka ya san an yi rashi. Addini ma bai raina hakkin dabba ba: hadisin matar da ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta yana cikin Buhari da Muslim.

Dawakai ne suka fi ci mana rai. An rasa akawal, an rasa kili, kuma bayaninku ya nuna hanya biyu ce ke kai su ƙasa bayan hawan Sallah. Ta farko, doki ya yi makonni a ɗaure yana cin gero cikakken awo ba a motsa shi, rana ɗaya a ɗora masa sirdi da kayan ado masu nauyi a yi ta sukuwa cikin zafin da ya haura digiri 40. Naman cinya da na kuturi sai ya sandare, gumi ya yi ta zuba, fitsari ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. Wannan launin naman jikinsa ne ke lalacewa yana bi ta ƙoda. Kun hana a ja irin wannan doki da ƙarfi a ce sai ya taka zuwa gida, domin tafiyar ƙara ɓarna take yi. A tsayar da shi a inuwa, a sauke sirdi, a kira likita. Rigakafinsa kuwa ba ya cin ko dala: a rage hatsi zuwa rabi duk ranar da doki bai fita ba, a kuma fara kilisa kullum tun saura mako biyu ko uku a yi hawa.

Ta biyu ciwon ciki. Doki ba ya amai, saboda haka duk abin da ya cushe ko ya kumbura a cikinsa hanya ɗaya gare shi. Alamunsa sanannu ne: tonon ƙasa da ƙafar gaba, waiwayen ciki, kwanciya da birgima, da rashin kashi. Abin da da yawanmu ba mu iya ba sai da kuka nuna shi ne auna bugun jini a ƙarƙashin muƙamuƙi. Lafiyayyen doki a hutu yana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya. In ya wuce 60 magana ta yi nisa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A ɗaga leɓe a danna dasashi da yatsa, in jan bai dawo ba cikin daƙiƙa biyu jini ba ya gudu yadda ya kamata. Kun kuma ja kunne a kan ɗura magani ta hanci, al'adar da ta daɗe a wajen masu dawaki, domin ruwan maganin cikin huhu yake zarcewa, dokin ya tsira daga ciwon ciki ya mutu da ciwon huhu bayan kwana kaɗan. Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a nan, wato rairayi. Ƙasarmu yashi ce, dokin da ake zuba wa harawa a ƙasa yana haɗiyar yashi kaɗan-kaɗan har ya taru a hanji. A zuba abinci a komi. Ruwa kuma lita 30 zuwa 50 a yini lokacin bazara, in an sauko daga hawa a zagaya da shi har numfashi ya daidaita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, hatsi ya biyo baya.

Sai raguna da awaki. Ba ragon layya kaɗai muke nufi ba, har da balamin da yara suka rena tun yana shan nono, da jar akuyar Maradi da uwar gida ta sa wa suna take kwana a bakin ɗakinta. Yawancin waɗanda suka mutu ƙoshi ne ya kashe su. Ana son rago ya cika ido kafin Sallah, sai a tula masa dusa da gero lokaci guda, ko kuma bayan Sallah a juye masa ragowar shinkafa da tuwon baƙi. Tumbin da ya saba da ciyawa ba ya ɗaukar wannan. Abincin ya yi tsami a ciki, gefen hagu ya kumbura, dabbar ta daina tuƙa, ta yi zawo, ta kwanta. Ƙa'idar da kuka bayar ita ce a ƙara hatsi sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, kuma harawa ko ƙaiƙayin wake su riga shiga ciki. Leda kuwa duk wanda ya tsaya wajen mahauta ranar Sallah ya ga dunƙulen da ake zarowa daga tumbi. Dabbar da ke ramewa alhali cikinta ƙato, a tuhumi leda, kuma ba allurar da ke narkar da ita. Haka nan ragon da aka sayo daga kasuwa a ware shi mako biyu zuwa uku kafin ya haɗu da na gida, don annobar awaki da tumaki, mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, ta haka take shigowa.

Mun yaba da yadda kuka ƙi yi wa ragon da za a yanka jibi allurar teramisin mai daɗewa a jiki, duk da matsin masu shi. Maganin yana kai mako uku zuwa huɗu bai fita daga nama ba, mutane ne kuma za su ci.

Karnuka da kyanwoyi ba a cika kawo su asibiti ba a garin nan, sai abu ya ɓaci, amma kun karɓe su ba tare da kallon raini ba. Sallah lokacin haɗari ne gare su. Ƙashin da aka dafa ko aka gasa tsagewa yake yi da kaifi ya huda hanji, kitse mai yawa a zama ɗaya yana kwantar da kare da amai da ciwon ciki, albasa da tafarnuwa kuma suna lalata musu jini. Ɗanyen kai da huhu da hantar da aka ga ƙulli mai ruwa a jikinsu kada a jefa wa kare, domin tsutsar a cikinsa take girma, ta fito a kashinsa ta koma kan tumaki, wata ma har kan mutane. Kyanwa kuwa farasitamol guba ne gare ta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, kuma tausayi ne ke sa mutane ba ta. Allurar haukan kare ana fara ta daga wata uku, a sabunta yadda likita ya rubuta. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 ya wuce asibitin mutane ranar.

Masu tantabaru sun ce a isar da tasu godiyar a kan shawarar ware sabuwar tsuntsuwa da wanke kaskon ruwa kullum, saboda cutar murɗewar wuya da ke share ɗaki guda.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne yadda kuka koyar da a rabu da gawa. A da jan ta ake yi zuwa juji ko bakin Gulbi a bar wa karnuka. Kun ce a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a zuba farar ƙasa, a rufe a danne. In dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe, kada a taɓa fatar, ciwon saifa ake tsoro, yana kama mutum, ƙwayarsa kuma tana shekaru a cikin ƙasa. Yaron da aka bari ya ga an binne akuyarsa da mutunci ya fi saurin haƙura a kan wanda ya ga an ja ta a titi.

Muna da roƙo biyu, ranka ya daɗe. A manna lambar mai jiran aiki a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe, a kuma sanar da ita a rediyo kafin kowace Sallah. Sannan tun da a shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa tsakanin bazara da farkon damina, a ware rana ɗaya saura wata guda a tara masu dawaki, a duba haƙora da kofato, a yi maganin tsutsa da allurar tetanos. Mu za mu kawo dawakin, mu kuma sanar da ƴan'uwanmu na Tibiri da Madarunfa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya da ɗaukaka, ya albarkaci iyalanku.

Wassalam.

Daga wasu masu kiwon dawaki da dabbobin gida na birnin Maradi.